Wasiƙar Dalma a Bakin Tekun Empúries

Fata ce ta kai ni Sifaniya. Mun tura kwantena ɗaya ta fatar akuya daga majemar da muke hulɗa da ita a Sharaɗa zuwa Igualada, garin majema da ke kusa da Barsalona. Mai sayen ya ba da kafin alƙalami tun kaya suna Kano, amma da suka isa hannunsa sai ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba lamba ɗaya ba ce, ya riƙe cikon kuɗi. Wata biyu ana ja ta waya, magana ta ƙi mutuwa. Daga ƙarshe Alhaji, maigidana, ya kira ni ofis ya ce in shirya in je in gani da idona, tunda ni na tsaya a kan zaɓen fatar, kuma sa hannuna ne a kan takardun.

Ranar Alhamis na zauna da mutumin. Muka buɗe ɗauri shida, muka shimfiɗa fata a ƙarƙashin fitila, ya nuna abin da ya nuna, na nuna nawa. Ya ce in dawo Litinin ya yi shawara da abokin cinikinsa. Da dare na sanar da Alhaji, ya turo mini saƙon murya mai tsawo. Kada in yarda da ragin da ya wuce kaza. Idan ya nace, in ce a raba asarar biyu. Idan ya ƙi wannan ma, kada in motsa daga garin, in tambaye shi nawa zai iya biya, in turo masa amsa da gaggawa. Ya rufe da “Allah ya taimaka.” Na saurari saƙon sau uku, barci bai zo ba.

Mai masaukina ɗan Zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin a garin Vic yana tuƙa motar kaya. Da ya ga yadda nake jujjuya abinci a faranti ranar Juma'a da dare, ya ce, “Ƙanina, zaman ɗaki ba zai kawo Litinin da wuri ba. Gobe zan kai ka ka ga wata tsohuwar kasuwa.” Na ce, “Yaya, wace kasuwa kuma?” Ya ce wadda ta tashi tun kafin a san Kurmi.

Muka fita bayan asuba. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ta Girona, sannan hanya ta gangara cikin wani shimfiɗaɗɗen fili mai gonakin tuffa, duwatsun Pyrenees suna can arewa da farar ƙanƙara a kansu. Ana kiran yankin Empordà, kuma daga wannan kasuwar da za mu gani ya samo sunan. Muka ajiye mota a L'Escala, garin masunta da ya yi suna wajen gishirta ƙananan kifi, muka bi hanyar ƙafa ta bakin teku, cikin itatuwa masu ganye kamar allura, kimanin kilomita biyu. Iskar arewa da suke kira tramuntana tana kaɗawa. Sanyinta ya tuna mini da hunturu, sai dai babu ƙura ko kaɗan, sararin sama tas, har kana iya ƙirga gidajen da ke ɗaya gefen gaɓar Roses.

Girkawan da suka kafa wurin mutanen Fokaya ne, wani gari a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, kusa da Izmir, wanda yanzu ake kira Foça. Ƙasarsu ba ta da yalwar noma, sai suka rungumi teku. Marubucin tarihin Girkawa Herodotus ya rubuta cewa su ne Girkawan farko da suka yi doguwar tafiya a ruwa, kuma da jirage masu matuƙa hamsin suke yi. Wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suka kafa Massaliya, wato Marsey ta Faransa. Wajen 575 suka sauka a nan, a kan wani ɗan tsibiri da ke dab da gaɓa. Yashi da laka sun daɗe da haɗe tsibirin da tudu, yau ƙauyen Sant Martí ne a kansa, da coci da 'yan gidajen abinci. Kafin ƙarni ɗaya ya cika suka tsallako suka gina sabon gari a tudu. Sunan da suka ba wurin shi ne Emporion, wato Empúries ta yau, ma'anarsa wurin ciniki. Ba su raɗa masa sunan sarki ko na abin bauta ba, abin da ya kawo su shi suka kira shi da shi.

Ana shiga ta ƙofar kudu, tsakanin manyan duwatsun ganuwa waɗanda mutum biyu ba za su iya ɗaga ɗaya ba. Garin bai da girma, cikin minti goma ka ratsa shi. Ga harsashin gidaje, ga dandalin kasuwa da gurbin rumfa mai ginshiƙai, ga rijiyoyin tara ruwan sama, ga kwamin da ake jiƙa kifi da gishiri. Tun 1908 ake haƙa a wurin, kuma har yau mafi yawansa yana ƙarƙashin ƙasa. A saman tudu akwai birnin Rumawa, wanda ya fi na Girkawa faɗi nesa ba kusa ba, domin a nan sojojin Rum suka fara sauka a ƙasar Sifaniya a shekara ta 218 kafin Miladiyya, lokacin yaƙinsu da Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj ta Arewacin Afirka. Mun leƙa shi, akwai daɓen gidaje masu ado, amma hankalina bai zauna a can ba.

Abin da ya tsayar da mu shi ne bayanin wata ma'aikaciyar wurin, yarinya mai karatun tarihi, wadda Yaya yake fassara mini maganarta. Ta ce 'yan ƙasa, wata ƙabilar Iberiyawa da ake kira Indiketa, sun zauna gab da Girkawa, ganuwa ce kawai a tsakani. Marubucin Rumawa Livy ya siffanta zaman: ƙofa ɗaya ce ke fuskantar tudu, kullum akwai mai muƙami a tsaye a bakinta, da dare kuma kashi ɗaya cikin uku na mazajen gari suna kwana a kan ganuwa. Duk da haka kowa na bukatar kowa. 'Yan ƙasa ba su san teku ba, suna son kayan da jirage ke kawowa, suna kuma neman inda za su sayar da amfanin gonarsu. Girkawa suna kawo giyar inabi da man zaitun cikin tuluna masu hannu biyu, da kwanukan yumɓu masu zane daga Atina, su kwashi hatsi. Yaya ya yi shiru yana kallon ganuwar, sannan ya ce, “Ai wannan zango ne.” Shi da aka haifa a unguwar baƙi a gefen birnin Asante, bai bukaci a ƙara masa bayani ba.

Gidan adana kayan tarihin yana cikin wani tsohon ginin 'yan coci a tsakiyar kangon. Mafi yawan masu shiga suna wucewa kai tsaye wurin wani babban mutum-mutumin farin dutse na Asklepiyos, wanda Girkawa suka ɗauka shi ke ba da lafiya. A 1909 aka haƙo shi, ya yi kusan shekara ɗari a Barsalona, aka dawo da shi 2008. Yarinyar ta ja mu gefe guda, wurin wani akwatin gilashi, ta nuna wani abu mai launin toka, bai fi tafin hannuna ba, gefensa duk ya ciccinye. Da a hanya na gan shi, da na ce yankin tsohon kwano ne. Sai da na sunkuya na ga layuka na ƙananan haruffa, an kakkarta su da tsinin ƙarfe.

Wasiƙa ce, a kan fallen dalma. A 1985 aka same ta a naɗe cikin wani ɗaki a garin Girkawa, kuma waɗanda suka fara karanta ta sun sa ta a ƙarshen ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Dalma tana da arha a lokacin, domin wurin narka azurfa ake samun ta da yawa. Tana da laushi, ana buga ta ta yi fale-fale, a yi rubutu da tsinke, a naɗe kamar tabarma, a miƙa wa matuƙin jirgi. Ruwan teku ba ya wanke rubutun, gara ba ta ci. Abin da aka rubuta a kan fata ko ganyen takarda na Masar ya ruɓe tuntuni a irin wannan ƙasa mai laima, dalma ce ta rage.

Farkon layukan da ƙarshensu sun gutsure, saboda haka maganar tana zuwa ne guntu-guntu, kamar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi. Amma abin da ya rage ya isa. Wani ɗan kasuwa ne, mai rubutu da karin harshen mutanen Fokaya, yake ba wakilinsa umarni. Ya ce masa ya kasance a wani wuri mai suna Saiganthe, wanda masana da yawa suke ganin Sagunt ce, can kudu kusa da Balensiya. Ya ambaci mutanen Emporion. Ya ambaci adadin kaya, ashirin na wani abu, da giyar inabi. Sannan ya kawo sunan wani mutum da ya fara da Basped, sauran sunan ya karye, kuma ba sunan Girkawa ba ne, ɗan ƙasa ne. Ana so a nemi wannan mutumin a kan maganar jirgi da jan kaya. A ba shi rabi. Idan bai yarda ba, a dakata, a aiko da wasiƙa a faɗi nawa yake so, da gaggawa iyakar iko. Daga nan mai wasiƙar ya ce umarninsa ke nan, ya yi sallama.

Yaya yana karanta fassarar da ke jikin gilashin yana mayar mini da ita Hausa, da ya zo kan “nawa yake so, da gaggawa” sai ya tsaya ya dube ni, domin shi ma ya ji saƙon Alhaji a daren Alhamis. Jikina ya yi sanyi. Na san muryar nan. Muryar mai dukiya ce wanda kayansa suke nesa da idonsa, yana ƙoƙarin ya hango kowace kwana da ciniki zai iya yi, ya tanadi amsa tun kafin a yi tambaya, domin ya san kafin wasiƙa ta je ta dawo iska ta juya, jirgi ya tashi. Na kuma san halin wanda aka aiko wa. Shi ne zai tsaya gaban Basped, ya karanci fuskarsa, ya san ko “a'a” ɗinsa ta gaske ce ko ta neman ƙari. Wasiƙar ba ta faɗi wannan ba, kuma babu wasiƙar da za ta iya faɗa.

A makaranta an nuna mana Girkawa a matsayin masu falsafa da masu gina gidajen gumaka. Ban taɓa jin an ce ga yadda ɗan kasuwarsu yake magana da yaronsa ba. A ganina wannan ɗan fallen ya fi mutum-mutumin da ke ɗakin daraja, domin shi an sassaƙa shi ne don a gani a yaba, ita kuwa ba a rubuta ta don kowa ya gani ba sai mutum ɗaya. Babu ado a cikinta, babu kirari, ko doguwar gaisuwa babu.

Da yarinyar ta ga mun ƙi matsawa, sai ta ce akwai 'yar'uwarta a hayin iyaka. A Pech Maho, wani tsohon ƙauye mai ganuwa kusa da Sigean a kudancin Faransa, an tsinci wani naɗin dalma a 1950. Ya yi shekaru a ajiye kafin a warware shi, sai a 1988 aka buga abin da ke ciki. Fuska ɗaya rubutun Etruskawa ne, mutanen tsakiyar Italiya, har da sunan Massaliya a ciki. Daga baya wani ya juya bayan fallen ya yi nasa rubutun da Girkanci, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Wannan takardar shaidar ciniki ce. An sayi ƙaramin jirgi daga hannun mutanen Emporion, mai rubutun ya shiga rabi, ya faɗi abin da ya biya hannu da hannu, ya faɗi jinginar da ya bayar, ya faɗi inda aka yi kowanne: wani a bakin kogi, wani a inda jirage ke ɗaurewa. Sannan ya jera shaidu da sunayensu, irin su Basigerros da Bleruas da Sedegon, dukkansu 'yan ƙasa. Baƙo ya yi ciniki a garin mutane, ya kafa masu garin shaida, domin ranar da rigima ta tashi su za a saurara.

Kalmar da aka yi amfani da ita a wurin kuɗin da ake fara bayarwa ita ce arrabon. Da na ji ta sai na ce ta maimaita. Duk wanda ya zauna zaure ya kai Kitabul Buyu'i a Muwaɗɗa ya ci karo da babin cinikin urban, kuɗin da mai saye ke ajiyewa don a riƙe masa kaya. Asalin kalmar ɗaya ne. Girkawa sun aro ta daga harsunan gabashin Bahar Rum, dangin Larabci, ta bi jirage har ta iso nan. Yaya ya yi dariya ya ce ai shi ma da zai sayi gidansa a Vic sai da ya sa hannu a takardar da Sifaniyawa ke kira arras, ya ajiye wani abu kafin a kammala. Mu kuma muka ce kafin alƙalami. Kuɗin da ya sa na baro Kano ke nan, shi ya ɗaure mu da mutumin Igualada, shi ya hana kowannenmu juya baya.

Muka fito muka yi azahar a kan yashi, kusa da ragowar wata katangar duwatsu da aka gina don kare jirage daga igiyar ruwa, wadda har yanzu take tsaye cikin teku. A wannan gaɓar aka sauke wutar wasannin Olamfik na Barsalona a 1992, da ta taso daga Girka ta ruwa. Muka ci burodi da gishirtaccen kifin L'Escala, gishirinsa har ka, muka kama hanya.

A mota ne yarinyar ta sake faɗo mini, domin kafin mu rabu ta rubuta mini kalma ɗaya a bayan tikiti, ta ce in nema idan na samu lokaci: Berezan. Da dare na nema, kuma da na san abin da zan tarar, da wataƙila na bari sai bayan Litinin.

Berezan ɗan tsibiri ne a Bahar Aswad, a bakin inda kogin Dnieper ke shiga teku, cikin ƙasar Yukren ta yau. Girkawan birnin Miletus ne suka zauna a wurin, ɗaya ƙarshen duniyarsu ke nan, dubban kilomita daga Emporion. A can aka samu wata wasiƙar dalma ta wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya, wadda yanzu take gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Ita ba ta gutsure ba, ana karanta ta daga farko har ƙarshe. Wani mutum mai suna Akillodoros ne ya rubuta wa ɗansa Protagoras. Ya ce wani Matasys yana zaluntarsa, ya ƙwace kayan da yake ɗauke da su, yana kuma neman mayar da shi bawa. Hujjar Matasys ita ce wai Anaksagoras, wanda Akillodoros yake yi wa dakon kaya, ya riƙe masa dukiya, bayi maza da mata da gidaje, kuma wai Akillodoros bawan Anaksagoras ne, saboda haka ya halatta ya kama shi a madadin abinsa. A al'adar lokacin, wanda yake bin wani haƙƙi a wani gari yana iya damƙe dukiyarsa duk inda ya same ta, bawa kuwa dukiya ne. Dattijon ya ce yana ta ihu yana faɗin shi ɗa ne, babu abin da ya haɗa shi da Matasys, abin da ke tsakanin manyan biyu su suka san shi. Ya roƙi ɗansa ya je ya gaya wa Anaksagoras da matarsa. Sannan ya ƙara wata magana: ya kwashe mahaifiyarsa da 'yan'uwansa ya kai su cikin birni.

A bayan naɗin an rubuta cewa dalmar Akillodoros ce, zuwa ga ɗansa da Anaksagoras. A naɗe aka same ta, abin da ya sa masana da yawa suke ganin ba ta taɓa isa hannun yaron ba.

Na ajiye wayar na zauna a bakin gado. Ba na tsoron wani zai kama ni a Igualada, zamanin ya wuce, akwai kotu, akwai fasfo a aljihuna, kuma Alhaji mutum ne da bai taɓa barin yaronsa a rana ba. Amma na san abin da ake nufi da mutum ya tsaya a garin da ba a san ubansa ba, yana amsa tambaya a kan dukiyar da ba tasa ba. Kakana ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, kuma mahaifina ya sha ba mu labarin yadda ake tsare ɗan ayari a zango saboda bashin wani ɗan garinsu da bai taɓa gani ba, sai madugu da mai masauki sun shiga tsakani. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙar shi ne ƙarshenta. Mutum yana hannun wanda zai sayar da shi, ya gama maganar kansa cikin 'yan layuka, sai hankalinsa ya koma gida, wa zai kula da matarsa da yara.

Sai na lura cewa tun da na zo, duk saƙon da na tura na Alhaji ne. Babban ɗana yana da shekara goma sha tara, bai san inda takardun gida suke ba, bai san wa nake bi ba, bai san wa ke bi na ba. Na ɗauki wayar na rubuta masa, a rubuce, ba da murya ba, don ya iya komawa ya duba. Na faɗa masa sunan garin da nake da lambar mai masaukina. Na lissafa masa mutum uku da ke da kuɗina a Kwari da mutum ɗaya da nake da nasa. Na ce takardun fili suna cikin jakar da ke ƙarƙashin akwatin mahaifiyarsa, kuma idan wani abu ya taso ya fara zuwa wurin kawunsa kafin kowa. Na ce ya gaishe ta, ya duba karatun ƙannensa.

Ƙarfe ɗaya saura na dare a Vic, sha biyu saura a Kano ke nan idan lokacin zafi ne, amma a watan Nuwamba agogonmu ɗaya. Ban zaci yana farke ba. Ban kai ga kashe fitila ba wayar ta yi ƙara.

“To Baba, na gani, na kuma kwafe a littafi. Lafiya dai ko?”

Na ce lafiya lau, Litinin zan koma wurin mutumin, Laraba in sha Allahu ina hanya.